Awarwaron "enaji" da sarƙar rage damuwa: ku zo mu yi ta a fili

1/
Zare ne mai tsawo, ku yi haƙuri. Wannan abin hannun da sarƙar wuyan da suka cika sitatus ɗin mutane, wai suna da "enaji", suna rage damuwa, suna saukar da hawan jini, suna ƙara wa ɗan wasa ƙarfi: ƙarya ce tsagwaronta. An gwada su, an je kotu a kansu, har wani kamfani ya rubuta da kansa cewa ba shi da hujja. Ku biyo ni 🧵

2/
Da tallar ta tsaya a Sabon Gari da Samaru da na yi shiru. To ta shigo cikin ganuwa. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, a gidan biki, a guruf ɗin WhatsApp na dangi, sai ka ga an turo hoto da dogon bayani. Kuma masu turowar mu ne, 'yan jami'a. Mu da tsofaffi ke cewa "kira yaron nan ya duba mana, shi ya yi boko."

3/
Ku lura da hotunan tallar. Kusan kullum akwai wani Bature sanye da farar hula, riƙe da sandar golf, da abin a hannunsa. Don Allah a cikin birnin Zariya mutum nawa ke buga golf? Filin yana can GRA, yawancinmu sai dai mu hange shi daga cikin keke. Me ya haɗa Gwaggo mai ciwon gwiwa da golf?

4/
Ga abin da ya haɗa su. Golf wasa ne na natsuwa. Ƙwallo na nan a ajiye, babu mai tare ka, kai ne da fargabarka. Hannu ya ɗan yi rawa, ka ɓarar. Yau ka yi kyau, gobe ka lalace, ba ka san dalili ba. Ga masu wasan da kuɗi a aljihu. Duk mai sayar da maganin fargaba ya san nan ce kasuwarsa.

5/
Sai a ba wani ƙwararre kyauta, ko a biya shi ya saka. Ranar da ya ci kofi a ɗauki hoto. Ranakun da ya sha kashi da abin a wuyansa, babu mai ɗaukar hoto. Hoton nan shi ke zagayowa har ya iso wayar Gwaggo, an fassara "yana gyara bugun ƙwallo" ya koma "yana maganin hawan jini da sanyin ƙashi."

6/
Mu fara da sarƙar da 'yan golf suka fi yayi, Q-Link. A 2007 wani likita ɗan Ingila mai rubutu a jaridar Guardian, Ben Goldacre, ya samo guda, kuɗinta kusan fam 70 a lokacin. Ya kai wa masu ilimin lantarki suka fasa ta.

7/
Me aka tarar? Naɗin wayar jan ƙarfe, irin koyil ɗin masu gyaran fanka, wanda ba a jona shi da komai ba. Sai wani ɗan mitsitsin abu a tsakiya mai kama da kayan cikin rediyo, da aka duba sai ga shi guntun waya ne kawai a cikin kwalliya, shi ma bai haɗu da komai ba. Babu batir. Babu inda wuta za ta shiga, babu inda za ta fita. Fam 70 😭

8/
Na biyu, Q-Ray, awarwaron ƙarfe da aka yi ta tallarsa a talabijin a Amurka cewa yana kashe ciwo nan take. Asibitin Mayo Clinic ya gwada shi, aka buga sakamakon a 2002. Mutum 610 masu ciwon gaɓoɓi da na tsoka. Rabi aka ba su na kamfanin, rabi aka ba su na bogi mai kama da shi sak. Babu wanda ya san wanne ke hannunsa.

9/
Bayan kwana 28, masu na kamfanin suka ce sun ji sauƙi. Masu na bogi ma suka ce sun ji sauƙi, kuma daidai gwargwado. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa, don nan ne duk rigimar take.

10/
Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta maka kamfanin a kotu. A 2006 alƙali ya yanke cewa tallar yaudara ce, ya ce a mayar wa mutane kuɗinsu, abin da zai iya kaiwa dala miliyan 87. Suka ɗaukaka ƙara, a 2008 suka sake faɗuwa.

11/
Na uku shi ne wanda yayyenmu za su tuna, Power Balance. Robar hannu mai sitika mai ƙyalli, irin ƙyallin da ke jikin katin banki. Wajen 2010 duniya ta haukace a kanta. Shaquille O'Neal ya yi mata talla, an ga Cristiano Ronaldo da ita a hannu. Kusan dala 30 guda ɗaya. Har sunan filin wasan Sacramento Kings suka saya.

12/
Disamba 2010 hukumar kare masu sayayya ta Ostareliya ta ce su kawo hujja. Ba su da ita. Aka tilasta musu fitar da sanarwa cewa babu wata ingantacciyar hujjar kimiyya da ke goyon bayan abin da suke faɗa, kuma duk mai son kuɗinsa ya zo ya karɓa. Italiya ta ci su tara. Nuwamba 2011 kamfanin ya je kotu ya ayyana karayar arziki.

13/
Wato kayan da aka kunyata a can tun muna firamare, shi ne aka canza wa suna da kwali aka kawo mana yanzu a matsayin sabuwar fasaha. Gwanjon ƙarya ake sauke mana.

14/
"Amma ni an gwada min a gabana." Na sani, ni ma na ga ana yi a wani shago. Ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka buɗe hannaye, mai tallar ya danna hannunka, ka tangaɗe. Ya saka maka abin, ya sake dannawa, ka tsaya ƙyam. Jama'a su ce Allahu Akbar. Bari in faɗa muku yadda ake yi.

15/
Karon farko yana danna wajen tsintsiyar hannunka, yana ɗan jan ka waje, nesa da ƙafar da kake tsaye a kai. Dole ka faɗi. Karo na biyu yana dannawa kusa da gwiwar hannu, yana tura ƙarfin ciki, wajen ƙafarka. Yana taimaka maka ka tsaya ne ma. Bambancin kaɗan ne, ido ba ya kamawa. Wasu masu tallar ma ba su san suna yi ba, haka aka koya musu a semina, hannunsu ya saba.

16/
Ƙari a kan haka, karo na biyu ka riga ka san abin da ke zuwa, jikinka ya shirya. A Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse an gwada 'yan wasa 42, wani lokaci da Power Balance, wani lokaci da robar banza, ba tare da sun san wacce ce ba. Abin da aka gani: gwaji na biyu ya fi na farko kyau, ko wacce roba ce a hannun.

17/
Gwada da ƙaninka yau bayan la'asar. Saka masa robar ɗaure kuɗi, ka ce daga Jamus aka kawo ta, ka danna yadda na bayyana. Za ka ga "enaji" 😂

18/
Yanzu ga masu cewa "ni dai na saka na ji sauƙi, ko za ka ce ƙarya nake?" A'a, ban ce ba. Na yarda kin ji sauƙi, Hajiya. Mutanen Mayo masu awarwaron bogi ma sun ji sauƙi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Tambayar ita ce me ya kawo sauƙin.

19/
Ciwon gwiwa, ciwon baya, damuwa, duk hawa da sauka suke yi. Yaushe mutum ke fitar da kuɗi ya sayi magani? Ranar da abin ya fi tsanani. Daga ƙololuwa kuwa ina za a je in ba ƙasa ba? Ko ba ka saka komai ba, bayan kwana biyu zai lafa. Sai awarwaro ya karɓi yabon da ba nasa ba. Mai sanyin ƙashi da ya saya a tsakiyar hunturu zai rantse da shi a watan Maris.

20/
Sannan akwai aikin zuciya. Idan ka sa rai abu zai taimake ka, yadda kake jin ciwo da fargaba yana iya raguwa na ɗan lokaci. Likitoci sun san da wannan, shi ya sa duk gwajin kirki sai an haɗa da na bogi. Magani sai ya fi na bogi kafin a kira shi magani. Awarwaron nan bai taɓa tsallake wannan siraɗin ba.

21/
A Jami'ar York ta Ingila, 2013, an gwada awarwaron jan ƙarfe da na maganaɗisu a kan mutum 70 masu ciwon kumburin gaɓoɓi, aka bi su wata biyar. Ciwo bai ragu ba fiye da na bogi, kumburi bai ragu ba.

22/
Wani zai ce to ai ko aikin zuciyar ne, in dai ɗan golf zai natsu ya ci wasa, an ci riba. Ko wannan ɗin ma ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai ba. A 2010 a Jami'ar Kolon ta Jamus an ba ɗalibai ƙwallon golf, aka ce wa wasu "wannan mai sa'a ce." Suka fi sauran jefawa a rami. Labari ya zagaya duniya. Mutum 28 ne kacal a gwajin.

23/
A 2014 wasu masu bincike a Amurka suka maimaita shi da mutane fiye da ninki huɗu. Ƙwallo mai sa'a ba ta yi komai ba. Wannan labarin na biyu bai zagaya ba, don babu abin sayarwa a cikinsa.

24/
Sai kalmomin. "Enaji", "kwantum", "firikwensi", "ayon". Ɗan'uwa, kai da ka zauna jarrabawar fiziks, tambaya ɗaya: enaji nawa? Da wane ma'auni? Enaji abu ne da ake aunawa, yana da lamba. Mitar gidanku tana ƙirga shi, kuna biya duk wata kuna ƙorafi. Abin da ba shi da batir, ba ya zafi, ba ya haske, ba ya motsa allurar kowace na'ura, daga ina yake samo wanda yake ba ka?

25/
Masu na maganaɗisu kuma wai yana jan ƙarfen da ke cikin jini, jini ya gudana. Ƙarfen cikin jini ba irin na ƙusa ba ne, maganaɗisu ba ya fizgar sa. Na'urar MRI ta asibiti ta fi maganaɗisun jikin firij ƙarfi sau ɗaruruwa, tana iya fizgo kujerar ƙarfe daga nesa. Mutum ya kwanta a cikinta rabin awa ya fito da jininsa a inda yake. Ɗan ƙwayar da ke hannunka ne zai juya shi?

26/
Wani abin dariya mai ban tsoro: akwai waɗanda da gaske suna fitar da wani abu. Disamba 2021 hukumar kula da nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi jama'a a kan kaya guda 10, sarƙoƙi da awarwaraye har da abin rufe ido na barci, irin masu "ayon" da masu "kariya daga 5G". An auna su aka ga suna fitar da tururin nukiliya.

27/
Ba mai yawa ba ne, amma hukumar ta ce sakawa dare da rana tsawon lokaci na iya cutar da fata. Ta hana sayar da su, ta ce a cire a ajiye nesa. Har da na yara a ciki. Ka sayi abu don gudun tururin waya, wanda bai taɓa ka ba, ka rataya na gaske a ƙirjinka. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

28/
Abin da ya fi ba ni haushi: a duk Najeriya, Zazzagawa ne bai kamata a yi wa wannan wasan ba. Injin binciken nukiliya na ƙasar nan, NIRR-1, yana cibiyar CERT ta ABU, yana aiki tun 2004. Masu auna enaji na gaskiya suna nan, kuɗin mota ɗaya daga Tudun Wada. Duk mai tallar da ya yarda da kayansa, me ya hana shi neman a auna masa ya kawo mana takarda?

29/
Ba zan shiga rigimar laya da guru ba, wannan fagen malamai ne, kuma garin nan ba ya rasa su. Abu ɗaya zan ce. Akwai abokanmu da ke yi wa kambun kakansu dariya, suna cewa camfi ne, ga su da robar "kwantum" a hannu. Mai kambu bai taɓa cewa kimiyya ce ba. Kai ne ka ce kimiyya ce. Tunda ka kira sunanta, dole ka tsaya ta yi maka hukunci, kuma ta riga ta yi.

30/
"To ina ruwanka? Kuɗinsu ne." Ga ruwana. Akwai wata dattijuwa a unguwarmu, ba zan faɗi suna ba, mai hawan jini. Ɗanta ya saya mata awarwaron nan da kyakkyawar niyya. Ta ji jikinta wasai, ta ajiye ƙwayoyin asibiti, ta ce ta gaji da haɗiya. Sai da wata jikarta mai karatun jinya ta zo da abin awo, ta ga lambar, ta sa kuka, aka koma asibiti a ranar.

31/
Allah Ya kiyaye, ba ta faɗi ba. Amma hawan jini ba ya sallama. Kana iya jin garau alhali yana sama, shi ya sa ake ce masa mai kisan mummuƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan babba ɗaya cikin uku a duniya na da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. "Na ji sauƙi" ba awo ba ne. Aikin zuciya zai iya rage maka jin ciwo, ba zai hana shanyewar ɓarin jiki ba.

32/
Mai tallar zai ce shi bai ce a daina shan magani ba. Haka ne, a ƙasan kwalin ma wataƙila an rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe, da Turanci. Amma a murya, da Hausa, cewa ya yi "Mama, wannan shi ne ƙarshen wahalarki." Wanne kake tsammanin ta ji?

33/
Damuwar ma da ake cewa yana ragewa, mu dubi tamu. Kuɗin makaranta ya hau, kuɗin mota ya hau, an ɗauke wuta ana gobe jarrabawa, ka gama digiri kana zaune a dakali. Wanda damuwarsa rashin kuɗi ce, ka karɓe ɗan abin da ya rage masa ka ba shi roba. Wallahi da ka bar shi ya ci tuwo ya yi barci da ya fi samun natsuwa.

34/
Wanda kuma damuwarsa ta wuce haka, ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina shiga mutane, har yana tunanin da ma babu shi, wannan likita yake buƙata, kuma akwai sashen da ke duba irin wannan a asibitin koyarwa na ABU. Duk watan da ya ɓata yana jiran sarƙa ta yi aiki, wata ne da ciwon ya ƙara zama.

35/
Sai kashi na biyu na cinikin, wanda ya fi shafar mu ɗalibai. Sau da yawa sarƙar ba ita ce hajar ba, kai ne. "Sayi guda ka zama memba, ka kawo mutum biyu, su ma su kawo biyu-biyu." Yi lissafin da kanka: biyu, huɗu, takwas. Kafin hawa na 28 an wuce yawan mutanen Najeriya gaba ɗaya. Dole na ƙasa su yi asara, kuma na ƙasa su ne mafi yawa.

36/
Mun ga MMM a Disamba 2016. Mun ga CBEX a Afrilu 2025. A Maris 2025 EFCC ta sanar da kama mutum 133 a Gwagwalada, a wani wuri da ake kira Q University, inda ta ce ana horar da matasa su jawo wasu. Bambancin kawai, a nan an ba ka abin ratayawa a wuya don kada ka ce ba a ba ka komai ba.

37/
Kuma wa za ka fara kawowa? Ba baƙo ba. Yayarka, Kawu, abokin ɗakinka. Cikin birni kowa ɗan'uwan kowa ne, in ba ta jini ba ta aure. Ranar da abin ya rushe, kamfani ba ya zuwa zaman makoki ko suna. Kai za ka shiga zauren ka gaishe da mutumin da ka sa ya sayar da akuyarsa.

38/
Wani ya turo min cewa nasu "yana da rajista." Rajistar kamfani a CAC tana nufin kamfanin yana da suna da adireshi. Ba ta ce kayansa na warkarwa ba. Ko magungunan gargajiya da NAFDAC ke ba lamba, duba jikin kwalbar, akwai rubutun cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Satifiket mai zinariya a gefe da aka ɗauka a hoto ba bincike ba ne. Tambaye shi: mutum nawa aka gwada, ina na bogin, wace mujalla ta buga?

39/
In don ado kake so, saka abinka, wasu ma suna da kyau. Amma ka biya kuɗin ado. Maƙeranmu da dukawanmu za su yi maka wanda ya fi shi kyau a kan kuɗi kaɗan, kuma ba za su ce maka yana gyara jini ba.

40/
Ga tayi ga masu tallar da suka cika min inbos tun zare bai kai rabi ba. Ku zo da kayanku. Za mu samo ambulan goma iri ɗaya, biyar da sarƙarku, biyar da murfin kwalba mai nauyi ɗaya. Wani daban zai liƙe su ya sa lamba, ya riƙe takardar ya fita waje. Ni ban san wanne ne wanne ba, ku ma haka.

41/
Ku zaɓi mutanen da za a gwada, ku saka ambulan a aljihunsu, ku danna hannun da kanku yadda kuka saba. Bayan kowanne ku ce "akwai" ko "babu". Tunda enajin na ratsa riga da fata har ya kai jini, takarda ba za ta tare shi ba. Ku ci tara cikin goma, sau biyu a jere, in goge zaren nan in yi muku talla kyauta wata guda.

42/
Asabar bayan la'asar, bakin Ƙofar Doka, a gaban jama'a, kowa da wayarsa yana ɗauka. Ambulan da murafen kwalba ni zan kawo. Wanda ya shirya ya rubuta "na zo" a ƙarƙashin nan.